Wasan Cike Giɓi: Darussa Daga Nazarin Oferar Barkwanci ta Italiya

Wanda ya zauna nazarin oferar barkwanci ta Italiya, wadda masu ita ke kira ofera bufa, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne ramar labaranta. Ofera dai wasan kwaikwayo ne da ake rera duk zancensa tare da kiɗa. Ɗauki La serva padrona, wato 'yar aikin da ta zama uwargida, wadda Giovanni Battista Pergolesi ya yi wa kiɗa a Napoli a 1733. Wani tsohon tuzuru ne, Uberto, ya reni Serpina tun tana ƙarama, ita kuma ta girma ta raina shi. Ya ce zai yi aure ya huta da fitinarta, ta ce to ai ita zai aura. Sai ta sa yaron gida, Vespone, ya yi shigar soja ya zo a matsayin maneminta, wai yana neman sukudi 4,000, kuɗin Italiya na lokacin, don a al'adarsu ɓangaren amarya ne ke bai wa ango dukiya. Ko dai a biya, ko tsohon ya aure ta da kansa, ko ya sha takobi. Rowa da tsoro da son da yake ɓoyewa suka haɗu, ya miƙa wuya. Iyakar labarin ke nan.

A takarda ba abin da zai sa ka ko murmushi. Amma an shekara kusan 300 ana dariya a kansa, kuma sai ka bi kiɗan gaɓa-gaɓa za ka ga inda dariyar take kwance: a cikin lokaci ne. Yaushe aka yi shiru, shirun ya kai ina, wa ya katse wa, sau nawa tsohon ya maimaita kalma ɗaya kafin ya gane ba mai sauraronsa. Tarihin wannan fanni, a ganina, tarihi ne na yadda kiɗa ya koyi tafiya da ƙafar mutane masu gardama, maimakon ya tsaya cak ana sha'awar murya.

Barkwanci ba baƙo ba ne a ofera. An haife ta a Fulorans wajen 1600, a fadojin sarakuna, amma da aka buɗe gidan ofera na farko na biyan kuɗin ƙofa, San Cassiano, a Benis a 1637, dole aka shiga faranta wa mai tikiti. Nan da nan dandamali ya cika da barori matsorata da tsofaffin masu reno, waɗanda galibi maza ne ke fitowa a matsayinsu. Sarki na kukan ƙaddara, bara na gefe yana kukan yunwa. A Rum ma Giulio Rospigliosi, wanda daga baya ya zama Fafaroma Clement na IX, ya rubuta wasannin raha irin su Chi soffre speri, wanda aka nuna a 1637 aka kuma sake shi a 1639.

Sai malaman adabi suka ga abin ya zama kwaɗo. Ƙungiyar Arcadia da aka kafa a Rum a 1690 ta tsaya kan cewa a tsarkake wasan: sarki da jarumi su yi magana irin ta girma, bara ya bar musu fili. Apostolo Zeno, sannan Pietro Metastasio, suka rubuta wasanni a kan wannan tsari, aka sami abin da ake kira ofera seriya, oferar manya. Aka kori masu ba da dariya daga cikin labari.

To ina suka tafi? A nan ne ɗalibi ke yawan tuntuɓe, domin hanya biyu suka bi, littattafan gaggawa kuwa ɗaya kawai suke faɗa.

Ta farko ita ce wasan tsakani, intamezo. Oferar manya kashi uku ce, ke nan akwai giɓi biyu, ana kuma buƙatar lokacin sauya kayan dandamali. Sai a fito da mutum biyu gaban fili su yi ɗan gajeren wasa, rabi a giɓin farko, rabi a na biyu. La serva padrona irin wannan ce: a gidan wasa na San Bartolomeo aka saka ta tsakanin kashe-kashen Il prigionier superbo, babbar oferar da Pergolesi ɗin ya rubuta don wannan daren. Yau sai masana ke tuna babbar. Ɗan hakin da ka raina.

Ta biyu kuwa cikakken wasa ne mai kashi uku, da harshen mutanen Napoli, mai gidan wasa nasa da masu kallonsa. A 1709 gidan Fiorentini ya nuna Patrò Calienno de la Costa da kiɗan Antonio Orefice, kasuwa ta buɗe, har zuwa 1724 aka ƙara gidaje biyu masu irin wannan haja, Nuovo da Pace. Saboda haka wanda ya ce da La serva padrona aka fara ofera bufa ya yi kuskuren shekara 24 a ƙalla. Abin da ke jawo kuskuren a fili yake: kiɗan mafi yawan waɗannan wasanni na farko ya ɓace, rubutun zancen kawai ya rage, domin shi ake bugawa a sayar a ƙofa, kiɗa kuwa da hannu ake kwafa don amfanin makaɗa. Mafi tsufan wanda ya iso mana cikakke shi ne Li zite 'ngalera na Leonardo Vinci, na 1722. Mai nazari sai ya riƙa tuna cewa abin da ya tsira ba lallai shi ne na fari ba, ba kuma lallai shi ne mafi kyau ba.

Yanzu a duba kayan aikin, don a nan ne darasin ya fi nauyi.

Oferar manya tana cin kuɗi. Tana buƙatar mawaƙa wajen shida, ciki har da waɗanda aka dandaƙe tun suna yara don muryarsu ta zauna siririya, su ne kuma taurarin zamanin, masu tsadar gaske. Tana da dokokin rabo. Marubucin wasan kwaikwayo Carlo Goldoni ya ba da labari a tarihin rayuwarsa cewa da ya kai Milan rubutun oferar manya ta farko da ya yi, an zaunar da shi aka karanta masa ƙa'ida: manyan 'yan wasa uku kowa waƙa biyar, na biye da su uku-uku, ƙanana ɗaya ko biyu, kada waƙoƙin baƙin ciki biyu su zo a jere, wanda ya gama waƙarsa kuma ya fice don a tafa masa. Ya koma masauki ya cinna wa rubutun wuta. Ita waƙar mutum ɗaya, ariya, tsarinta sashe na farko, sashe na biyu, sannan a koma na farko daga kai mawaƙi ya yi masa ado. Muddin ana wannan, labari a tsaye yake.

Wasan tsakani ba shi da ko ɗaya daga cikin wannan gata. Lissafin La serva padrona ga shi: mawaƙa biyu, namiji mai kaurin murya da mace mai siririya; ɗan wasa ɗaya da ba ya furta komai, wato Vespone; makaɗan goge layi huɗu, wato ƙananan goge kashi biyu, matsakaici, da masu kauri; sai hafsikod, wani kakan fiyano da ake danna allonsa yana tsunkular tsirkiya. Babu busa, babu 'yan amshi, babu kiɗan buɗe fage nata na kanta. Waƙar mutum ɗaya guda biyar, uku na Uberto biyu na Serpina, kowane rabi kuma ya rufe da waƙar mutum biyu. Duka-duka minti 45 ne ko kusa da haka. Shi kansa beben wasan dabarar tsimi ce: ka sami mutum na uku a labari ba tare da ka biya mawaƙi na uku ba.

Wannan talauci shi ya haifi salon. Da yake babu lokacin gabatar da kowa, sai aka ari mutanen da masu kallo suka riga suka sani daga tsohon wasan kan titi na Italiya, komediya del arte: tsoho marowaci mai son yarinya, malamin da ya fi surutu da ilimi, soja mai cika baki da gudun faɗa, 'yar aiki mai wayo. Da sun fito an gane su. Da yake babu taurari, sai murya mai kauri, wadda oferar manya ta ajiye a gefe, ta sami gaba. Da yake kuma ba a zo jin ado ba, sai jimlar kiɗa ta gajarce, ta koma 'yan guntaye masu maimaituwa kamar mitar mai ƙorafi. Waƙar farko ta Uberto, inda yake jiran a kawo masa cakulan awa uku bai zo ba, haka take: jimla ɗaya yana ta hawa da ita mataki-mataki, kamar yadda ran mutum ke hawa. Maimaicin da ke tsayar da labari a oferar manya, a nan ya zama hali. Mutumin da ya koma farkon waƙarsa mutum ne mai taurin kai da bai ji abin da aka gaya masa ba.

Mafi kyawun misali shi ne waƙar Serpina ta rabi na biyu, inda take yi wa tsohon sallama ta ƙarya. Kiɗan ya kasu biyu yana musanya: a hankali da taushi in tana fuskantarsa tana neman tausayi, da sauri da tsalle in ta juya gefe tana gaya wa masu kallo cewa tarko ya fara kamawa. Fuska biyu a waƙa ɗaya, kuma kiɗa ne ke nuna wadda ake sanye da ita. Abin da ke lalata wannan waƙa a dandamali shi ne mawaƙiya ta riƙa ƙifta ido a sashen taushin. In ta nuna wasa take yi, Uberto ya zama wawa, sashen saurin kuma ba shi da sauran aiki. Dole ta rera taushin da gaske har mai kallo ya kusa yarda, sannan juyin ya yi duka.

Haka shi ma Uberto. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba shi ƙaton tumbi da tafiyar agwagwa, ya fito yana neman dariya. Tsohon bai san abin dariya ba ne. A wurinsa zancen cakulan zancen mutunci ne. Pergolesi ma da ya zo inda tsohon ya rikice tsakanin so da kunya, sai ya ba shi zance mai rakiyar dukkan makaɗa, irin wanda ake keɓe wa sarki in zai yanke hukuncin kisa. Girman rigar da ƙanƙantar matsalar, su ne dariyar. Mai wasan da ya rage wa rigar girma ya kashe ta. Beben kuma a tsare shi: motsinsa ya faɗo a inda mawaƙi ya yi shiru, ba a kan kalmar da labari ya rataya a kanta ba. Idan ya ja ido a tsakiyar waƙa, za a yi dariya, amma bayan minti biyu ba wanda ya san dalilin da soja ya shigo.

Sai babban wurin da wasanni ke mutuwa, wato zancen da ke tsakanin waƙoƙi, wanda Italiyawa ke kira busasshen zance saboda hafsikod da babban goge ɗaya kawai ke raka shi. Kusan rabin lokacin wasa a nan yake tafiya, duk makirci da musu a nan ake ƙulla su. An rubuta shi da alamomin kiɗa masu awo huɗu-huɗu, amma rubutun yarjejeniya ce kawai ta masu kwafi. Wanda ya rera shi daidai da awon takarda zai fito kamar mai karanta sanarwa. Hanyar koyonsa hawa-hawa ce. A fara da faɗin kalmomin baki, ba kiɗa, har sai mutum biyun sun iya gardamar kamar a tsakar gida. Sannan a ɗora sautin da aka rubuta ba tare da an taɓa saurin maganar ba. Daga ƙarshe mai hafsikod ya shigo, shi kuwa aikinsa bin numfashin mawaƙi ne, ba jan sa ba. A takardarsa layin ƙasa kawai aka rubuta, wato na sauti mai kauri, wani lokaci da 'yan lambobi a kai, sauran da kansa yake cikawa. In ya makara da bugu ɗaya bayan tambaya, amsar ta huce. In ya cika kwalliya, ya rufe kalma. Bugun rufe jimla guda biyu kuma su ne abin lura: a wurin fushi a sauke su nan take kamar rufe ƙofa, a wurin shakka a ɗan jinkirta.

Akwai kuma waƙar ɓarin zance, inda kowane sauti ɗaya ke ɗauke da gaɓar kalma ɗaya, a guje. Ita ce tambarin mai kaurin murya na barkwanci. Mai koyo yakan ɗauka ƙarfi ake so, sai ya tura iska da yawa, harshe ya yi nauyi, kalmomi su cakuɗe. Gyaran shi ne a rage murya, a kawo furucin gaban baki, a sa alamar wuraren shan iska tun a takarda, a fara da rabin sauri. Kuma kada a haɗiye baƙi mai ninki. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, tunda ya san tazarar da ke tsakanin baba da babba, ko mana da manna. Italiyanci ma haka yake: fato ƙaddara ce, fatto abin da aka aikata, caro masoyi, carro amalanke. Mawaƙin da ya kira masoyinsa amalanke ya ba da dariya, amma ba wadda aka rubuta ba.

Me ya sa Napoli? Wani ɓangare na amsar makarantu ne. Birnin yana da gidajen koyon kiɗa huɗu da suka faro a matsayin gidajen marayu: Santa Maria di Loreto, Pietà dei Turchini, Sant'Onofrio, da Poveri di Gesù Cristo inda Vinci da Pergolesi suka yi karatu. Ana ba yaro layin ƙasa kawai a ce ya gina sauran da hannunsa, shekara da shekaru, har tsarin ya zauna masa kamar hadda. Irin wannan horo ne ke sa mutum ya gama ofera cikin 'yan makonni, bayan ya ji muryoyin waɗanda aka ɗauka, ya ɗinka wa kowa waƙa daidai wuyansa.

Harshe kuwa ya zama ƙarfi ya kuma zama tarnaƙi. Karin Napoli ya sa mutanen gari sun ga kansu a dandamali, masunta da masu aski da dillalai, amma a Benis ko Milan ba a jin sa sosai. Sannu a hankali aka raba: masoya su yi daidaitaccen Italiyanci, masu barkwanci su riƙe karin gida. Wasan tsakani bai da wannan matsala, ga shi kuma ba nauyi. Mutum biyu da akwatin tufafi sun isa, shi ya sa irin su Rosa Ungarelli da Antonio Ristorini suka yi ta yawo da shi a biranen Turai. A Napoli kanta, bayan Sarki Carlo na gidan Bourbon ya buɗe San Carlo a 1737, rawa ce ta maye gurbinsa a tsakanin kashe-kashe. An sake korarsa ke nan, karo na biyu, sai dai a lokacin ya riga ya yi ƙafa.

Abin da ya faru a Faris a 1752 ba ya buƙatar dogon tsayawa. Ƙungiyar Eustachio Bambini ta nuna La serva padrona, gari ya rabu biyu tsakanin masu kare oferar Faransa da masu son ta Italiya, aka yi shekara biyu ana jifan juna da ƙasidu, masanin falsafa Jean-Jacques Rousseau na gaba-gaba a ɓangaren Italiya. An taɓa nuna wasan a birnin a 1746 bai tayar da ƙura ba, wanda ke nuna rigimar ta fi wasan girma. Pergolesi kuwa ya rasu tun 1736 yana da shekara 26. Sunansa ya yi tsada har masu buga takardu suka riƙa liƙa shi a kan kiɗan wasu, don haka duk abin da ka gani da sunansa sai ka bincika.

Babban sauyin a Benis ya auku, ba a Faris ba. Daga 1749, da L'Arcadia in Brenta, Goldoni da mai kiɗa Baldassare Galuppi suka shiga aiki tare, har zuwa Il filosofo di campagna na 1754 da ya zaga Turai. Goldoni ya kasa 'yan wasa gida uku: masu nauyi, waɗanda ke waƙa irin ta oferar manya, masu barkwanci, da na tsaka-tsaki. Ke nan salon waƙar mutum ya zama shaidar matsayinsa a gari, har mai kiɗa na iya yin ba'a ta hanyar ba wa bara waƙar sarauta. Sannan su biyun suka raya abin da ya fi komai tasiri, wato rufin kashi mai sarƙa, finale.

Ga yadda ake gina shi. Da an shiga rufin, busasshen zance ya ƙare, makaɗa ba za su tsaya ba har labule ya sauka. Marubuci ya tara abubuwan da za su faru a jere, kowanne da shigowar wani ko tonuwar wani asiri, ya kuma sauya tsawon baitinsa a kowane mataki don mai kiɗa ya sami dalilin sauya awo. Mai kiɗa ya ba kowane mataki saurinsa da mazaunin sautinsa. Yawan mutane ya riƙa ƙaruwa, ba raguwa ba. A inda ake musayar magana, makaɗa ne ke riƙe da karin, suna juya 'yar gajeriyar jimla, mawaƙa na ɗora kalmomi a kai kusan kamar magana. A inda kowa ya daskare don mamaki, sai muryoyi su haɗu a tsaya a numfasa. Motsi, tsayawa, motsi, tsayawa. Rufin tsakiyar wasa kuma ba a warware komai a cikinsa. Ana ƙare shi ne a kan ƙololuwar rikici, kowa na faɗin nasa a lokaci ɗaya, da mafi saurin kiɗan daren. A zamanin Galuppi masu barkwanci ne galibi ke cikinsa, masu nauyi na gefe suna tsare girmansu. Daga baya aka jawo kowa.

Wanda yake son ganin ginin a cike sai ya buɗe kashi na biyu na Le nozze di Figaro, na Mozart da Lorenzo Da Ponte, Biyana, 1786. Mozart ba Ba'italiye ba ne, amma harshen da tsarin na Italiya ne. Rufin ya haura gaɓar kiɗa 900, kusan minti 20 ba tsayawa. Ya fara da mutum biyu, basarake Almaviva da matarsa, a gaban ƙofar da yake zargin an ɓoye kwarto. Ƙofa ta buɗe, Susanna ce, 'yar aikin matar, sun zama uku. Figaro, baran basaraken da zai auri Susanna, ya shigo, huɗu. Mai lambu ya zo da ƙarar an diro ta taga an tattake masa furanni, biyar. Ya fita, wasu uku suka shigo da takardar bashi, aka rufe da bakwai, huɗu na fuskantar uku. Mazaunin sautin da aka fara da shi, shi aka dawo a ƙarshe, bayan an ratsa wasu huɗu, kuma tun daga shigowar Figaro kowane sauyi taki ɗaya ne zuwa gida. Kunne na jin ana gangarawa ko da mai shi bai san sunan abin ba.

Inda ake faɗuwa a nan sananne ne. Jagoran makaɗa ya ji daɗi ya saki linzami tun a mataki na biyu, sai a iso ƙarshe ba sauran saurin da za a ƙara, mawaƙa na haki, kalmomi sun narke. Daga ƙarshe ake lissafo sauri: a tsayar da iyakar abin da mai kaurin murya zai iya furtawa a sashen rufewa, sannan a jera sauran a ƙasa da shi. Ƙarfin sauti ma haka. Na biyu, mai tsara motsi ya cika fili da guje-guje a wuraren da kiɗa ya ce a daskare. Na uku, a jera mutum bakwai layi ɗaya suna kallon gaba, mai kallo ya kasa gane wa ke tare da wa, alhali kiɗan ya riga ya raba su ƙungiya-ƙungiya, tsayuwarsu kawai ta rage ta nuna hakan.

Wannan dabara ce oferar manya ta zo ta ara daga baya, har ya zama a ƙarni na 19 da wuya ka ga babbar ofera ta kuka da ba ta da irin wannan taron a tsakiyarta.

Kada dai a ɗauka fannin nan juyin juya hali ne. Yana wasa da matsayi, amma yana da iyaka. A 1760 a Rum, Niccolò Piccinni ya yi wa La buona figliuola kiɗa, rubutun Goldoni da ya samo daga labarin Pamela na Samuel Richardson. A asalin Ingilishin 'yar aiki ce ta auri maigida saboda nagartarta. A Italiya hakan ba zai shiga ba, sai Goldoni ya sa aka gano cewa yarinyar, Cecchina, 'yar wani basaraken Jamus ce da ta ɓata tun tana jaririya. Jini ya daidaita, aure ya halatta. Kuma da yake an hana mata hawa dandamali a Rum, namiji ne ya fito a Cecchina. Abin da wasan ya kawo sabo shi ne hawaye: yarinya marar gata da waƙa mai sanyi a tsakiyar raha. Daga nan fannin ya sami zuciya, ba haƙora kawai ba.

Sauran tarihin an fi saninsa. Il matrimonio segreto na Cimarosa a Biyana a 1792, wanda Sarki Leopold na II ya sa aka maimaita masa gaba ɗaya a ranar. Il barbiere di Siviglia na Rossini a Rum a 1816, wanda aka yi wa ihu a daren farko, wani ɓangare saboda magoya bayan Paisiello da ya riga ya yi wa labarin kiɗa a 1782. Sai Don Pasquale na Donizetti a Faris a 1843, inda za ka tarar da tsohon tuzurun nan dai, mai kaurin murya, yana neman auren yarinya, amma hafsikod ya tafi, makaɗa ne ke raka zancen tsakani.

A La serva padrona akwai mari, Serpina ce ke kai wa Vespone, beben da ba zai iya ko ƙara ba, a kuma wuce. A kashi na uku na Don Pasquale ma akwai mari, sai dai a kuncin maigidan ya sauka. Donizetti bai bar wurin dariya ba: kiɗan ya lafa, ya koma mai nauyi, tsohon ya tsaya yana gaya wa kansa cewa tasa ta ƙare, ita ma Norina, yarinyar da ta mare shi, ta juya gefe tana cewa darasin ya yi tsanani. Masu shirya wasan sukan rasa yadda za su yi da wannan wuri, wasu su sa tsohon ya yi tangaɗi ya faɗi kan kujera don a ci gaba da raha. Takardar kiɗan ba ta nemi haka ba. Shiru ta nema bayan ƙarar marin, mutumin ya tsaya inda yake, hannu a kunci, har makaɗa su ɗauko sautin farko.